Hannun Kaka Joel da Rashanci

Tun ranar Lahadi Kaka Tamara ta rufe bakinta ga abinci. In Anti Liatu ta kawo kunu sai ta kau da kai, in ni na kawo shayi sai ta dube ni kamar wadda ta shigo sata. Ƙwayar maganin hawan jini da muka lallaɓa muka saka mata a baki kuwa, daga baya a ƙarƙashin matashi muka tsince ta. Ruwan famfo kaɗai take sha, shi ma sai in ita ta tara da tafin hannunta.

Kaka Tamara ce ta haifi babana da Anti Liatu. Baturiyar Rasha ce, duk unguwar Yelwa Mama Rasha ake ce mata. Kakana Joel, mutumin Bogoro, ya tafi can karatun injiniya yana saurayi, ya dawo da digiri da mata. Ta fi shekara arba'in a Bauchi, ta iya Hausar da take taya tumatir a kasuwar Wunti har mai tumatir ya ce, "Haba Mama, ki bar mu mu ma mu ci abinci mana." Sai mantuwar tsufa ta kama ta. Hausar ce ta fara zubewa, sunayenmu suka bi baya. Da Kaka Joel ya rasu mun gaya mata, ta yi kuka, washegari ta tambaya ina ya tafi bai karya ba. Daga nan muka daina gaya mata.

Rubutun hannunsa ne kaɗai bai ɓace mata ba. Al'adarsa ce in zai fita ya manna mata 'yar takarda a jikin firij da Turanci. Ko bayan ta fara zargin kowa da zuba mata guba, in ta ga rubutun nan sai ta yi abin da ya ce. Lokacin jana'izarsa na so takardar tsarin sujada ta fito da hannunsa, sai Nonso, mai shagon buga katin biki a Wunti, ya nuna mini yadda ake yi. Na ɗauki hoton haruffan daga tsofaffin takardunsa ɗaya bayan ɗaya, na goge dattinsu a kwamfuta, na ɗora kowane a kan maɓallinsa. Duk abin da na danna sai ya fito da hannun Kaka, a karkace zuwa dama kamar dawa in iska ta kaɗa ta. Anti Liatu ce ta ce mu gwada shi a kan Mama. Mukan yagi fallen littafin makaranta, mu buga da shuɗiyar tawada, mu ɗan cukuikuye shi. "Tamara, ki ci abinci ki sha magani. Na je coci." Sai ta ci, ta sha.

Ranar Lahadin nan ta karɓi takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta sake ta ta faɗi. Turancin ma ya tafi.

Wani likita ɗan cocinmu ya zo ya duba ta, ya ja Anti Liatu waje, ni kuma ina laɓe bayan labule. Ya ce in ta ci gaba a haka sai asibiti, a zura mata roba ta hanci, kuma dole a ɗaure hannuwanta a jikin gado don za ta fizge.

"Mamana ba akuya ba ce," in ji Anti bayan ya tafi. Ta juyo kaina. "Ƙauna, ke da ba ki da aiki sai cin littafi, ki sa Baba ya yi mata Rashanci."

"Anti, haruffansu daban ne fa. Ba su cikin waɗanda na yi."

"To ki yi su."

"Ke ba kya jin yaren ne?"

"Ni? Zagi na iya da sunan miya. Ki je ki yi, kada ki tsaya kina murza mini yatsu."

Ina murza su kuwa. Duk abin da Kaka ya taɓa rubutawa da Rashanci yana cikin wani akwatin katako da gara ta cinye tun ban shiga firamare ba. Na birkice gidan nan kaf, abin da na samu hoto ne guda, su biyu a tsaye cikin ƙanƙara, a bayansa ya rubuta sunan gari da sunanta da manyan baƙi. Ko sulusin haruffan bai kai ba.

Na hau keke Napep zuwa Wunti da hoton a cikin littafi don kada gumin hannuna ya ɓata shi. Nonso na ganina ya ajiye almakashi. Hausarsa ba ta san mace da namiji ba.

"Ƙauna! Ka zo? Wane ne ya mutu kuma?"

"Ba kowa. Haruffa zan ƙara."

Na nuna masa jerin haruffan Rasha a waya. Ya kawo fuskarsa kusa, ya ja baya.

"Wannan rubutu ne, ko kaza ya taka tawada? Ga kwamfuta can a lungu. Amma in masu biki ya zo, ka tashi."

Wasu haruffan ba su wahalar da ni ba, kamarsu ɗaya da namu, sai na kwafo su yadda suke. Na ga Я na ce ai wannan R ce ta juya baya, na juya R ta Kaka a kwamfuta. Ta fito ta karkace hagu, kamar mutum zai faɗi ta baya, alhali duk 'yan'uwanta sun karkata dama. Dole na ɗauki biro na zana ta da hannu, ina ƙoƙarin tuna yadda yake riƙe alƙalami can kusa da baki. Ж kuwa kamar gizo-gizo take, ƙafa ta ko'ina. Daga ina Kaka zai fara ta? Daga tsakiya, ko daga ƙafar hagu? Yana ɗaga biro ko a ja ɗaya yake gamawa? Ba wanda zan tambaya. Na cika shafi da gizo-gizo, janareto na ta ruri a kunnena, sau biyu masu katin biki suna tashe ni in tsaya riƙe da takarduna a bakin ƙofa.

Da na gama, waya ta fassara mini saƙon, na buga, na cukuikuye, na koma gida. Kaka na zaune a bakin gado, leɓenta ya tsattsage. Ta karɓa. Na ga idonta yana bin layin, leɓen yana motsi. Anti ta damƙi hannuna har ya yi zafi. Sai Kaka ta yi dariya, ta shafa kumatuna, ta faɗi wani abu. Na kara mata wayar ta sake faɗa, wayar ta rubuta: "Wane yaro ne ya rubuta wannan? Ya yi ƙoƙari. A gaya wa malamarsa."

Ta ture kwanon kunun.

Ashe haruffan littafi na kwaikwaya, kowane a tsaye shi kaɗai. A can ba babban da ke rubutu haka, haɗe su suke yi kamar sarƙa, wasu ma kamanninsu sukan sauya gaba ɗaya in an zo rubutun hannu. Hoton bai nuna mini ba tunda manyan baƙi ne. Na karanta littattafai ban san iyaka ba, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan.

Na koma shagon Nonso. Na kalli bidiyon malaman firamaren can suna koya wa yara, na tsayar, na mayar baya, na zana. Wahalar ita ce wutsiyar kowane harafi sai ta sadu da kan na gaba a tsayi ɗaya, in ba haka ba sai kalma ta fito da giɓi kamar bakin tsoho. In na gyara wannan, wancan ya kauce. Nonso ya daina tsokanata. Da rana ya ajiye mini biredi da lemo a gefen kwamfuta, ya ce, "Ci. Kada mu samu mara lafiya biyu." Anti na ta kira, in na ɗauka sai ta ce, "Yaya?" in ce, "Saura kaɗan," ta kashe.

Ranar da na kai na biyun, Kaka ba ta iya tashi zaune ba sai da muka tallafe ta. Ta dubi takardar ta daɗe. Ta sa yatsa ta bi harafin ƙarshe na sunanta, inda na ja wutsiyar ta yi sama yadda yake yi. Sai ta kai hannu ta gyara gashinta. Ta waiwaya tana neman kwano.

Ta cinye dankali da ƙwan da Anti ta kawo, ta haɗiye ƙwayar, har ta miƙo kofi a ƙara shayi. Anti Liatu ta shige kicin ta durƙusa a kan siminti tana ta "Na gode Yesu, na gode Yesu." Ni kuwa na zauna a ƙasa na jingina da firij.

Ƙarar ƙyauren gida ce ta tashe mu. Muka fita a guje. Kaka na tsaye a bakin titi cikin wata doguwar rigar sanyi mai nauyi kamar bargo, wadda ban taɓa gani ba, ta ɗaura ɗankwalin ulu ta ƙarƙashin haɓa, ta shafa jan baki ya ɗan zarce leɓe. Tsakar rana ce, a watan Maris, kwalta har walƙiya take. Duk keken da ya taho sai ta miƙa wuya ta leƙa ciki.

"Mama, mu shiga ciki," in ji Anti, ta kama ta. Kaka ta fizge da ƙarfin da ban san ta samo shi a ina ba, ta zage ta da ɗaya daga cikin kalmomin da Anti ta iya.

Anti ta saki hannunta a hankali. "Wayyo ni," ta ce. "Ƙauna, tunda suka zo Najeriya bai sake rubuta mata da yarensu ba, wai don ta koyi Turanci. A makaranta ne yake yi, can Rasha. Ya zura takarda ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinsu, ita kuma ta shirya ta sauko ta jira shi a ƙofa. Ta ba ni labarin nan har na gaji da ji. Ban tuna ba."

Wani mai keke ya rage gudu. "Mama Rasha, ina zuwa? Sanyi kike ji?" Mai shagon da ke kallonmu ya kawo benci, ta ƙi zama. Gumi na bin fuskarta, fuskar ta yi ja kamar gauta. Sai da la'asar ta yi, gwiwoyinta suka saki, sannan muka ɗauke ta mu uku da mai shagon.

Washegari Anti ta ce in ƙara layi. Na buga: "Ki ci abinci. Yau ba zan zo ba, kada ki jira ni." Na yi ta kallonsa a fuskar kwamfuta, hannun Kaka sak, yana faɗin abin da bai taɓa faɗa mata ba. Kaka ta karanta, ta ninke takardar ƙanƙanuwa, ta kwanta ta juya fuskarta bango. Ranar ko famfon ba ta je ba. Na gwada "zan makara, ki jira a ɗaki." Ta ci rabi, ta sa rigar, ta fita. Muka ɓoye rigar a kabad, ta yi ta buga kanta da ƙofar kabad har Anti ta fito da ita tana kuka. Muka kulle ƙyaure, ta tsaya a bayansa cikin rana tana jijjiga shi, gara ma titin, akwai inuwar darbejiya kaɗan.

Likitan ya dawo, ya auna ta, ya ce abincin ya taimaka amma tsayuwar ranar nan za ta iya kayar da ita kowane lokaci. Anti ta tambaye shi to wanne za mu zaɓa. Ya daɗe yana naɗe igiyar abin awonsa, ya ce mu yi ta addu'a.

Don haka da safe na sake buga saƙon farkon nan, ba ƙarin layi. Ta ci, ta sha magani, ta shafa jan baki. Na ɗauki babbar lemar Anti da gorar ruwa na bi ta. Muka tsaya a bakin titi, ina riƙe da lemar a kanta, in hannuna ya gaji in sauya. 'Yan jami'a na wucewa suna kallonmu, wasu 'yan ajinmu ne, na sunkuyar da kai. Keke ya wuce da buhunan gawayi, wani da mata da yara. Kaka ta leƙa kowanne.

Can ta lura da ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi murmushin da 'yan mata ke yi wa juna, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Na ciro wayar da hannu ɗaya na kara mata.

"Ke ma naki bai zo ba?"

Na gyaɗa kai. Ta matsa, ta jawo ni cikin inuwar lemar sosai, ta saƙala hannunta a nawa. Rigar na da zafi kamar bakin murhu. Wani keken ya ɓullo daga kwanar jami'a, ta ɗaga dugaduganta tana leƙe.