Asabar ɗin Buɗe Farauta

Ran da Shugaba Orval ya miƙa mini jadawalin duti, bai ce don na iya ba ne. Cewa ya yi, "Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya, Dane, ga abin da zai zaunar da kai."

Mu goma sha tara ne 'yan kwana-kwanan garin Tamarack Bend, duk 'yan sa-kai. Ni faci nake yi a shagon taya tun da na bar makaranta. Akwai manoma, akwai direban motar madara, akwai Marlys mai dafa wa 'yan firamare abinci. Kowa na da 'yar na'urar kira a ƙugu. In ta yi kuka, ka ajiye abin da kake yi ka ruga tasha.

Tare da jadawalin, Orval ya ba ni wata takarda daga gunduma. Sau biyu a bana aka kira mu, motarmu ba ta fita cikin minti goma sha biyar ba. In aka yi na uku za a rufe tashar, garin Ashby ya riƙa kawo mana ɗauki daga nisan minti talatin da biyar. Gidajenmu kuwa duk na katako ne.

Saura kwana goma a buɗe farautar barewa. Al'adarmu ita ce waɗanda suka fi daɗewa su suke fara zaɓar ranakun hutu, kuma tun da aka kafa tashar babu tsohon hannun da ya taɓa yin duti ran Asabar ɗin buɗewa. Na bi al'ada. Na rubuta sunana, da na Marlys, da na sababbin shiga biyu. Mutum huɗu cif, yadda doka ta ce. Na manna a allo ina jin na yi abin kai.

Marlys ta tsaya gaban allon da kofin gahawa a hannu, ta daɗe tana dubawa.

"Ya yi kyau, ɗana," in ji ta. "Rubutunka ma ya fi na Orval. To wa zai tuƙa babbar mota ya tayar da famfo?"

Na sake bin sunayen da ido.

"Ko da bokiti za mu je?"

Mutum huɗu ne kaɗai ke da takardar tuƙa babbar mota da sarrafa famfonta. An yi wa Orval aiki a gwiwa, da sanda yake tafiya. Biyu sun riga sun kama sansanin farauta can arewa, tafiyar awa biyar. Saura Gunnar, yayan mahaifiyata.

Na same shi a gareji yana goge bindiga. Bai ɗago ba.

"Kawu, ina bukatarka ran Asabar."

"Shekara talatin da ɗaya ina kashe wuta a garin nan. Na yi dutin Kirsimeti, na yi na ranar auren 'yata. Asabar ɗin nan tawa ce."

"Za su rufe tashar."

"Tun kana cikin zanen goyo suke faɗar haka."

"Wannan karon a rubuce yake."

"To ka karanta musu. Ai ka kai ajin karatu kafin ka gudo, ko?"

Na haɗiye wannan. Matsalar biyu ce. Wurin farautar Kawu ya kai minti arba'in daga tasha. Kuma shi da duk tsararsa, da zarar sun hau rumfarsu a kan bishiya, sai su kashe na'urar kira, don kukanta yana korar barewa. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Na fita na zauna a mota, ban tayar ba. Mahaifina ya bar mini wani ɗan daji da rumfar farautarsa a bayan tsohon injin katako, minti biyar daga tasha. Tun damina nake bin sawun wani namijin barewa a can, ƙahonsa reshe goma. Na san inda yake shan ruwa, na san hanyar da yake bi da asuba. Ban taɓa harbin mai girmansa ba. Na yi niyyar in na sauka duti ran Lahadi in je masa. Kawu ma ya san da shi. Sau uku yana tambayata a kaikaice.

Na koma garejin.

"Ka hau rumfar Baba ran Asabar. Duk kwana taran da ake farautar ma, in kana so."

Sai a lokacin ya ajiye tsumman. "Da babban a ciki?"

"Da shi. Amma na'ura a kunne."

"Zan sa ta a girgiza, ba kuka."

"Cikin riga huɗu ba za ka ji ba. A hula za ka sa ta, ta jingina da kunnenka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ubanka ma haka yake da taurin kai. Sa sunana. Da fensir."

Da biro na sa.

Ran Asabar muka haɗu a tasha tun ƙarfe shida, ni da Marlys da sababbin biyu. Dusar ƙanƙara ta sauka kaɗan. Daga nesa muna jin ƙarar bindigogi jefi-jefi. Na duba mai, na duba tiyo, na buɗe babbar ƙofa na rufe, na sake buɗewa.

"Zauna, za ka huda siminti," in ji Marlys.

Bakwai da minti arba'in na'urorinmu suka yi kuka. Bututun hayaƙi ya kama wuta a gidan wata tsohuwa a titin coci. Ta cika murhu da itace don jikokinta su tarar da ɗumi in sun dawo daga daji.

Cikin minti biyu mun sa kaya. Muka hau mota, kujerar direba babu kowa. Na tayar da injin, iyakar abin da doka ta yarda in yi ke nan, na dawo na tsaya a bakin ƙofa da agogo a hannu. Minti biyar. Minti bakwai. Ɗaya daga cikin sababbin ya ce, "Kai ma ai ka iya tuƙi."

"Tuƙi dai. In mun je wa zai ba mu ruwa?"

Ana cikin minti na tara sai ga tsohuwar akori-kurar Kawu ta karyo kwana. Ya diro da rigar farauta ruwan lemo, ganye a kafaɗa, bai kalli kowa ba. A minti na goma sha ɗaya muka fita, Marlys ta sanar da gunduma ta rediyo.

Wutar ta fara cin katakon rufi, amma ba ta shiga ɗaki ba. Muka ɓalle allo biyu, Kawu ya ba mu ruwa daidai gwargwado, kafin ƙarfe tara an gama. Tsohuwar ta fito mana da biredin kirfa mai zafi.

Muna naɗe tiyo Kawu ya zo ya tsaya a kaina.

"Taku sittin," ya ce. "Ya fito daga cikin itatuwa, na ɗaga bindiga, sai abin nan ya kama rawa a kunnena. Na zabura, ya gan ni. Yanzu ya kai Kanada."

"Zai dawo. Can yake shan ruwa."

"Kai ka sani."

"Gobe ma sunanka na sa, Kawu. Da Litinin. Sai Talata sauran direbobin za su dawo."

Ya tauna biredinsa a hankali, yana kallona. Na ɗauka zagi zai biyo baya. Sai ya kaɗe hannu, ya nufi gefen motar inda makunnan famfo suke.

"Zo nan in koya maka famfo. Ba zan yi wata shekarar haka ba. Da rana barewa kwance take, daga sha ɗaya zuwa biyu kullum ina nan, kai ma kana nan. A watan Maris za ka je ka zauna jarrabawar takardar babbar mota."

"Jarrabawa ta rubutu?"

"Ta rubutu. Tsoro kake ji?"

Na ajiye tiyon na matsa kusa. "Wanne ake fara buɗewa?"