Wilin da Ya Ƙi Juyawa

Ƙofa ɗaya garejin ke da ita, kuma tun hantsi motar Lauya ta toshe ta. Gabanta na ciki, bayanta na waje, an ɗaga ta a kan jak. Auta yana durƙushe a ɗan lungun da ke tsakanin motar da bango, inda ko juyawa zai yi sai ya tsuke ciki. Shekararsa arba'in da uku, 'ya'yansa huɗu, amma a garejin nan har gobe Auta ne, don Yaya ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ne kuma ya fara danƙa masa sifana a hannu.

Motar irin ta tsere ce, mai kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Lauya ya saye ta ne don sha'awa, hanya kuwa ba ruwanta da sha'awar kowa: cikin wata uku ramuka sun lanƙwasa masa wili biyu. Sai wani abokinsa ya ba shi shawara ya nemi wilin ƙaramin ajin motar, masu ɗaukar taya mai kauri wadda ke haɗiye rami. Ya samo guda huɗu, ya kawo wa Yaya. Yaya ya duƙa ya ƙirga ramukan noti, biyar nan, biyar can, ya auna tazararsu da yatsa, ya bugi ƙirji ya ce za su hau. Haka yake gane wili tun Auta bai fara gemu ba, kuma dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Auta ya san wannan karon ba haka ba ne. Bara wani dillali ya kawo irin motar har uku a duba masa, shi ya kwance ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Kamfani aji uku yake fitar da ita, jiki ɗaya, fuska ɗaya, bambancin a ƙafa yake. Ƙaramar wilinta inci goma sha takwas ne, tayarta mai tsoka, faifan birkinta bai wuce faranti ba. Ta tsakiya ta ɗara ta da inci ɗaya. Babbar kuwa, wadda Lauya ke da ita, inci ashirin take hawa, taya siririya kamar ɗamara, ta baya ta fi ta gaba faɗi, faifan birkinta ya kusa kai faifan tankaɗe, an huhhuda shi don ya sha iska. Ƙarfen da ke damƙe faifan, wanda su a garejin suke ce wa muƙamuƙi, jajawur ne, ƙato, ya cika cikin wili taf. Saboda shi aka yi wa motar manyan wili, ba don ado ba.

Bai faɗa ba. A garejin nan ƙarami ba ya gyara maganar babba a gaban mai mota. Ya ce a ransa wilin zai yi magana da kansa.

Wilin kuwa ya yi. Ya zauna a mazauninsa, noti biyar suka shige lafiya, amma da Auta ya tura shi da tafin hannu sai ya yi ƙara ya cije. Da ya cire, ga jan fenti ya kankaro a cikinsa.

Lauya yana zaune a benci a waje, yana danna waya. Ya leƙo ta saman motar ya tambaya ko ta fi ƙarfinsu ne, don ya ga Auta yana kallon ƙafarta kamar mai zuwa gaida surukai. Yaya ya yi dariya ya ce ai amarya ce, sai da lallashi. Lauya ya ce to a lallashe ta da wuri, gobe da safe zai mayar da 'yarsa makaranta, kuma ta rantse ba za ta shiga wata mota ba sai wannan. Makarantar tana bayan tsauni, hanyar da in an gangaro ta ƙafar mutum ba ta sauka daga kan birki.

Yaya ya matso ta ɗaya gefen, ya duƙa ya leƙi wurin da ya kankaru, ya miƙo injin goge ƙarfe ta ƙarƙashin motar. Ya ce a rage bayan muƙamuƙin kaɗan, kaurin tsabar kuɗi biyu kawai, a shafa jan fenti, shi ke nan.

Auta ya rage murya ya yi masa bayani. Ya ce muƙamuƙin nan ba dunƙulallen ƙarfe ba ne, akwai hanyar man birki a cikinsa. In aka rage shi, a gari ba za a ga komai ba, amma a gangara, da ya yi zafi, zai iya tsagewa.

"Zai iya," in ji Yaya. "Ko rufin nan ma zai iya faɗo mana."

"Yaya, mu ce masa wilin ne ba su dace ba."

"Ni na ce sun dace. Goge."

Yaya ya miƙe ya koma wajen Lauya, suka ci gaba da hirar ramukan hanya.

Injin yana hannun Auta, da nauyi. Bayansa bango, gabansa mota, kuma duk wanda zai fita daga lungun nan sai ya raɓa ta gaban bencin. Ya tuna hannun nan da ya miƙo masa injin shi ne ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa asibiti lokacin da jak ya kuɓuce ya danne masa ƙafa. Ya tuna matarsa da matar Yaya tukunya ɗaya suke ɗorawa. 'Yar Lauya kuwa sau ɗaya ya taɓa ganinta, ta gilashi, tana cin wani abu a leda tana kaɗa kai. Ya so a ce an ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Fankar bango tana ta juyawa abinta.

Ya jona injin, ya kunna, ya kai shi dab da jan ƙarfen har ya ji iskarsa a yatsunsa. Sai ya kashe.

Shirun ya sa su biyun suka waiwayo. Auta ya miƙe tsaye, kansa kawai ake gani ta saman motar. Bai kalli Yaya ba.

"Ranka ya daɗe, wilin nan na ƙaramar ne, birkinka na babbar. Ba za su hau ba sai an ci birkin. Ni kuwa ba zan ci shi ba."

Lauya ya dubi wannan, ya dubi wancan. Mutum ne da ya saba zama tsakanin masu jayayya, ya san lokacin da ake tattara takardu. Ya ce ba komai, a mayar masa da manyan, zai riƙa kauce wa ramuka kamar kowa. Yaya ya ɗauki tsumma yana goge hannun da ko datti bai yi ba.

Auta ya mayar da wili shi kaɗai, ya ɗaure noti, ya sauke jak. Motar ta ja da baya ta fita, haske ya shigo garejin. Ya jira faɗa har aka rufe garejin, faɗa bai zo ba.

Washegari da safe wani direba ya kawo taya mai yoyo, ya gaida Yaya, ya fara yi masa bayani. Yaya ya bar shi ya kai aya, sannan ya nuna Auta da haɓa.

"Ga mai garejin can. Ni gadi nake yi."

Direban ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne tsakanin wa da ƙane. Ya mirgina tayar zuwa gaban Auta. Auta ya durƙusa ya fara laluben inda take yoyo, Yaya na zaune a bayansa ya harɗe hannu yana kallo.