Farin da Ya Kwanta a Gindin Ƙoƙo

Shekarar da sanƙarau ya shiga Bande, zamanin Nasara, da wuya ka sami gidan da bai yi zaman makoki ba. Ƙande dai 'ya guda Allah ya bar mata, Ɗela, ita ma ga ta kwance, wuya ya sandare kamar taɓarya.

Ta bar ta hannun Saude maƙwabciyarta, ta taka har Magariya, gidan likita. Mutane maƙil, kai ka ce ranar kasuwa. Malam Harouna mai ba da magani ya ƙulle mata fararen ƙwayoyi a tsumma, bai ko dube ta ba.

"Ki daka, ki dama da ruwa, ki ɗura mata safe da maraice. Na gaba!"

To, Ƙande ba yau ta fara jinya ba. Ta san yadda ake jiƙo: a zuba saiwa a ruwa, a bari ta tsimu, a tace, a sha ruwan, saiwar a zubar. Kanwa ma in ka jefa ta a ruwa ɓacewa take. Amma wannan gari, kai, taurin kai gare shi! Ta dama, ta dama, ya ƙi narkewa, sai ya koma gindin ƙoƙo ya kwanta. Ta ce a ranta, ai ƙarfin ya fita, wannan tsakin kuwa shaƙe yarinya zai yi. Ta tace da ƙyalle mai tsabta, ta ba Ɗela ruwan garau, farin ta watsar bayan ɗaki. Haka har ƙwayoyin suka ƙare, ciwo sai gaba yake yi.

Ta koma Magariya, ƙafa duk ta kumbura.

"Malam, maganinku bai karɓe ta ba. Ga shi kuwa har tace mata nake."

"Tace me, baiwar Allah?"

Ta gaya masa. Ya dafe kai.

"Innalillahi! Wannan ba ya narkewa, iya. Farin nan shi ne maganin. Ruwa zalla kika ba ta."

"To, a ƙara mini, don Allah."

Ya kife gwangwanin maganin a gabanta. Wayam. Ya ce sai in motar Damagaram ta kawo wani, shi ma bai san ranar ba.

Wayyo Ƙande! Wa za ta kai ƙara, tun da hannunta ne ya zubar? Ta juyo Bande tana gudu tana kuka, ba ta ko shiga ɗaki ba, ta durƙusa inda take watsar da farin. Kaji sun riga sun tone wurin. Tana cikin tsintar ɗigo-ɗigon fari da farce daga cikin yashi, Saude ta fito ta tsaya a kanta.

"Ƙande, bari haka nan. Taso ki rufe mata ido."