Bashen Kalla a Ƙofar Surukai

Ana cewa kayan gado ba ya tsufa. Wanda ya fara faɗin haka bai ga bashen marigayi Kalla ba. Motar ɗaukar kaya ce mai buɗaɗɗen baya, wadda a zamaninta ta yi jigilar albasa daga fadamar Tama zuwa Madawa har 'yan tasha suka haddace ƙararta. Da mai ita ya rasu sai ta zauna a gindin aduwa a ƙofar gida, ƙafafunta suka nutse cikin rairayi. Injinta ya tafi a wata shekarar fari, akwatin giya ya bi shi, kaji suka gaji abin da ya rage.

Ɗansa Sha'aibu yana da moto, wato babur, yana kabu-kabu tsakanin ƙauyuka da Buza, kuma tukunyar gidansa ba ta kwana a kife. Sai wata rana a majalisa wani ya ce, yana ɓare gyaɗa, "Kalla da ƙafa huɗu ya yi duniya, ga ɗa nai da biyu." Aka yi dariya aka wuce. Sha'aibu ne kawai bai wuce ba.

Ya kira Munir mai sudura, wato walda, daga Buza. Suka cire ƙofofin bashen da gilasanta da duk wani ƙarfen da za a iya ragewa. Sannan Sha'aibu ya kwantar da motonsa, ya zaro injin, suka dasa shi a tsakiyar ramin gaban motar, ya zauna kamar ƙwai guda a cikin masaki. Suka ja sarƙa daga gare shi zuwa wani faffaɗan faranti mai haƙora da suka liƙa wa ƙarfen da ke juya ƙafafun baya. Faɗi da baki ya fi sauƙi. Sarƙa ta tsinke, aka sake. Faranti ya karkace, aka sake.

Ana cikin wannan sakewa zazzaɓi ya kama 'yarsa Bushira. Matarsa Sa'ida ta fito da ita a kafaɗa, ta tsaya tana duban moton a kwance kamar ragon da aka feɗe.

"Jikinta ya yi zahi ƙwarai," ta ce.

Sha'aibu yana ƙarƙashin mota, bai fito ba. "Ki ba ta jiƙo. Gobe ko jibi motar ga za ta tashi, in kai ku likita awa matar firefe mai mulkin gari."

Ta goya yarinyar ta kama hanyar asibitin Tama da ƙafa, rana tana tsakiya. Yarinya ta samu sauƙi, amma daga likita Sa'ida ba ta dawo ba. Ta wuce ƙauyensu, can gindin dutse, gidan ubanta Malam Takawa.

Ya aika kawunsa biko kamar yadda ake yi. Kawu ya dawo da goro da kalma guda: a ba ta lokaci. Manya suka ce kada ya kuskura ya je da kansa, miji ba ya zuwa bikon kansa. Shi kuwa a ransa ya riga ya gama shawara. Bakinsa ba zai iya furta abin da ya kamata a furta ba, to mota za ta yi magana a madadinsa. In Sa'ida ta ga bashen Kalla a ƙofar gidansu tana huci, za ta gane ba a banza ya yi ba. Maza da yawa sun yi irin wannan lissafi, da bijimi, da ɗakin kwano, da atamfa. Ƙarfe dai bai taɓa ba kowa haƙuri ba.

Ranar da motar ta tashi, Munir ya goge hannu ya ce, "Abu guda, aboki. Moto bai da giyar baya. Duk inda ka sa kanta, ka tabbata akwai mahita gaba."

"Na ji."

Tada ita ma aiki ne. Sai an buɗe kapo, murfin gaban motar, mutum ya hau ya shiga ramin injin, ya tattare riga ya taka sandar tayarwa da ƙafa, sannan ya diro ya zagayo da gudu kafin ta mutu. Tafiyarta kuwa sassarfar jaki. A hanya mutane na jin ƙarar moto su kauce kaɗan, sai su waiwayo su ga mota, su faɗa cikin kalgo. Duk da haka ƙirjinsa a cike yake har ya hango dutsen.

Rani ne, ƙauyen babu maza sai tsofaffi. Sauran suna Abijan da Libiya da Ikko. Daga masallaci wani lungu ya gangara tsakanin katangun dutse zuwa gidan Malam Takawa. Tun da Sha'aibu ya fara neman aure, a bakin masallaci yake barin motonsa, ya cire takalmi tun daga nesa, ya sauka kansa a sunkuye kamar yadda ya dace da suruki. Ya san duwatsun ƙasan lungun nan ɗaya-ɗaya. Abin da ke gabansa ne bai taɓa gani ba. A zatonsa lungun ya lanƙwasa ya wuce gidan. Sai da ya gangaro, birki na kuka, sannan ya ga darnin karan gidan ya tare gaba ɗaya, abin da ya wuce ta gefe 'yar hanyar ƙafa ce da ko jaki mai kaya ba zai bi ba.

Hancin motar ya tsaya a bakin ƙofar gidan, ya toshe ta. Injin ya yi tari ya mutu.

Mata suka fara leƙowa ta kan katanga. Wadda ta fara isowa Iya Biba ce, uwar Malam Takawa, kakar Sa'ida, mai wasa da shi tun ranar ɗaurin aure. Ta zagayo ta 'yar hanyar gefe tana dogara sanda, ta leƙa ramin injin ta daɗe.

"Angona, wa ya cinye mata hanji?"

"Ina wuni, Iya."

"Lahiya lau. Ni ka zo ɗauka? To juya ta mu tahi, na gaji da gidan ga."

Ya sosa ƙeya.

"Juya ta mana."

"Ba ta komawa baya, Iya."

Ta maimaita wa matan kan katanga, da ƙarfi, don wasunsu ba su ji ba.

Aka gwada turawa. Tsofaffi biyu da mata masu tulu suka ajiye kayansu suka sa kafaɗa. Motar ta hau tudu kamar taƙi guda, rairayi ya zame, ta dawo ta ƙara manne wa ƙofar. Aka kira azahar. Daga cikin gida Sha'aibu ya ji gyaran muryar Malam Takawa a bayan ƙofa, ya ji ƙarar buta, ya ji an tsaya, sannan an koma. Dattijon da ba a taɓa yin sahu babu shi ba, ga shi an kulle shi a gidansa. Sha'aibu ya cire takalmi ya tsuguna a gefen ƙafar motar. Da ƙasa tana da ƙofa da ya ƙwanƙwasa.

Sai muryar surukarsa Zali ta fito ta bayan darni. Ba da shi take ba. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba.

"Iya, a tambayi baƙo, gaba tana tahiya?"

"Angona, an ce gaba tana tahiya?"

"Tana yi."

"To a gaya mishi ya tada abu nai. Za mu buɗe darnin nan, mu buɗe na baya, ya bi ta tsakar gida ya hita gona."

Wata tsohuwa ta ce, "Zali, suruki cikin tsakar gidanki? Ba a yi."

"Awakina ba su sha ruwa ba, malam bai yi salla ba. In kin san wadda aka yi, ki yi."

Mata suka tuge kara suka jingine. Tsakar gidan da bai taɓa wuce zaurensa ba ya buɗe a gabansa. Dole ya buɗe kapo, ya hau, ya tattare babbar rigar da ya sa don biko har gwiwa, ya yi ta taka sandar nan a gaban uwar matarsa kamar mai kirɓa ƙasar gini. Injin ya ƙi. Gumi ya shiga idonsa. Iya Biba tana ba shi kiɗa da sandarta a jikin motar. Da ya kama, Sha'aibu ya diro, ya shiga, ya saki motar a hankali.

Nan wata matsalar ta taso. Ga gadon Zali an fitar da shi shan iska, ga zannuwanta a kan igiya, ga ƙwaryar furarta da ludayi a ciki. Duk inda ya kai ido ya faɗa kan abin da bai halatta suruki ya gani ba. Wuyansa ya sunkuya da kansa, yadda ya saba. Ƙafar gaba ta bugi turmi, turmi ya gangara, kaji suka watse.

Bai ga fitowar Sa'ida ba. Sai dai ya ji kujerar gefensa ta motsa, don babu ƙofar da za a buɗe, hannu ya kama sitiyari kusa da nasa.

"Hagu," in ji Sa'ida. "Akwai randa."

Ya karya hagu.

"Miƙe. Sannu, akwai murhu. Kai dai taka, ni ina gani."

Haka suka ratsa gidan, zanen Zali ya shafi fuskarsa ya wuce, suka fita ta bayan rumbu zuwa gonar gero da ba kome cikinta sai kututture. Ƙafafun baya suka nutse, injin ya mutu. Shiru ya sauko. Can gaba korama ce mai zurfin rairayi, wadda ko manyan motoci ke tsoro. A baya kuwa gidan ne da tudun. Ya duba nan, ya duba can, ya gane motar ta iso inda za ta.

Sa'ida ta saki sitiyari. Ba ta sauka ba.

"Yaya jikinta?" ya ce.

"Ga ta can."

Bushira tana tsaye a gefen rumbu riƙe da zanen kakarta. An aske mata kai, wuyanta ya yi siriri kamar na ɗan tsako. Ta dube shi ba ta taho ba.

"Ran nan a hanyar Tama," in ji Sa'ida, tana duban gabanta, "abokan aikinka sun yi ta tsayawa. Kowane ya ce, matar wane, hau in kai ki. Ni kau in ce su tahi, kana tahe bayana. Har da waiwaye nike yi don su yarda."

Ya buɗe baki ya ce motar ubansa ce. Abin da ya taho da shi ke nan tun daga gida, ya jera shi a hanya. Da ya ji shi a waje sai ya ji ba shi da nauyin kome.

"Ban hito ba," ya ce. "Kin yi magana, ban ko hito daga ƙarƙashinta ba." Ya juyo gare ta. "Ki yi haƙuri. Ku taho gida."

"A kan mi?"

Ya dubi kapon da ke karkace.

"Ni moto na sani," ta ce. "Shi ya kai ni awo, shi ya kawo ni ganin Inna. In ya zo, mu hau."

Sannan ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo jakar sufana.

Har la'asar yana kwance injin. Malam Takawa ya fita masallaci ta ƙofarsa ya dawo, bai dubi gona ba, wanda alheri ne babba. Mata suka mai da darni. Iya Biba ta kawo jaki da mangala, ta ce malam ya ce a ba baƙo aro, ta ƙara da nata: kajinta sun gode da sabon ɗaki, amma a gaya wa mai gini ya manta ƙofa. Suka ɗora injin a gefe guda, suka sa duwatsu a ɗayan don ya daidaita.

Ya shafa bashen sau ɗaya a inda hannun Kalla ya cinye fenti. Da ya juyo, Sa'ida tana tsince ƙusoshin da ya warwatsa a rairayi. Ta rasa abin zubawa, ta kwance kallabinta, ta ɗaure su a ciki, ta ja mayafi ta rufe kai. Ta miƙa masa.

"Kallabin sabo ne," ta ce. "Ka maido mini da shi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kora jakin ta 'yar hanyar gefe, suka fito lungun, suka fara hawa. Matan kan katanga ba su gama kallo ba, kuma ya san kafin ya isa gida labarin ya riga shi. Ƙusoshi na ƙara a aljihunsa, takalmansa a hannu.