Shuɗiyar Ɗamarar Sarki

Ɗigo ɗaya ne tak. Ya sulale daga bakin burushi ya faɗa a ƙirjin sarki, kafin Odile Vasseur ta ankara shuɗin ya bazu. Sai ta yi abin da ta shekara talatin tana hana ɗalibanta, ta sa auduga ta goge.

Hoton bai kai tafin hannun jariri ba. Fentin ruwa ne a kan siririn hauren giwa, irin wanda sarakunan Faransa kan ba jakada ko hafsa a cikin ɗan akwati, don duk inda ya buɗe akwatin a san da yawun wa ya zo. Kuma ba fuskar ce ke cewa sarki ne ba, shuɗiyar ɗamarar nan ce da ta sauko daga kafaɗa zuwa ƙugu. Da ta gushe, sai ga wani mai haɓa biyu, sak mahaucin layinsu ya ci ado ranar Lahadi.

Odile ta san mai laifin. Wata takwas ke nan hannunta na dama yana rawa, tana ɓoye shi a aljihun rigar aiki. Ita da duk Paris ta sani wajen gyaran irin waɗannan hotuna! Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Gaspard mai yi wa hotuna firam a shagon maƙwabta ya turo ƙofa da kofin kofi biyu. Ya leƙa teburin, ya yi fito.

"Ke tsohuwa, an sake juyin juya hali ne ban ji ba? Wa ya tuɓe mai martaba?"

"Gaspard, don Allah ban da yau."

"Ƙarfe nawa mai shi zai zo?"

"Huɗu. Jikarsa zai ba ranar bikinta."

"To ai ga shuɗi, ga burushi. Minti ashirin kin gama, ki mayar da gilashin da ke rufe hoton. Ni dai makaho ne, kurma kuma."

Ta ɗauki burushin. Ta kai shi kusa da hoton, bakinsa ya kama rawa a iska. Gaspard ya gani. Ya janye kofunan nesa da teburin.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Shi ne ko ni ba ki gaya wa ba?"

Ta ajiye burushin.

Ƙarfe huɗu daidai Misiye Aubrac ya shigo, tsohon mai sayar da magani da ya taso daga garin Tours a jirgin ƙasa. Rahoton da ta aika masa makon jiya kan asalin hoton yana hannunsa. Odile ba ta jira ya zauna ba.

"Misiye, na ɓata maka hoto. Ruwa ya zubo daga hannuna, na goge, ɗamarar ta tafi. Ba ni da wani uzuri."

Tsohon ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har da tari.

"Madam, wallahi haka na bar shi ina ɗan shekara shida! Gilashin ya fita, na ga shuɗin kamar alewa, na lashe. Mahaifiyata ce ta zauna a teburin kicin ta mayar masa da fentin makarantar yayata, kafin babanmu ya dawo. Har ya rasu bai sani ba."

Gaspard ya juya ya ƙura wa bango ido don kada dariya ta kuɓuce masa.

Ita kuwa Odile rahoton take kallo. Ta san abin da ke shafi na biyu, ita ta rubuta: wai ɗamarar ce babbar shaida cewa hannun mai zanen fada ne, kuma a yau babu mai rai da zai iya jan layi irin wannan. Ga sa hannunta a ƙasa, ɓaro-ɓaro. Wata takwas tana lallashin kanta cewa ko hannu ya tafi, ido yana nan. Ashe duka biyun sun tafi, ɗaya ne kawai ya yi sallama.

"Shafi na biyun nan fa," in ji Misiye Aubrac yana share hawaye, "sai da na je makabarta na karanta wa Mama. Da ta ji daɗi. To, ki mayar masa da abinsa kafin Asabar. Ko kamar nata ma ya isa."

"Ba zan iya kamar nata ba, Misiye. Akwai wata da na koyar, a bayan kasuwa take. Hannunta ba ya rawa."

Ta jawo takarda ta ɗauki biro don ta rubuta masa adireshin. Ta tsaya tana kallon bakin biron, sannan ta miƙa wa Gaspard.

"Rubuta. Zan faɗa maka."