Notin da Kawu Japheth Ya Ɗaure

Idan aka ambaci Japheth a layin kanikawan Sabon Gari, kowa da abin da zai faɗa. Direbobin gingimari su ce ba a yi hannu irin nasa a kan kuloci ba, tun mota na kan titi yake jin farantinta ya cinye. Waɗanda suka koyi aiki a garejinsa kuwa ba sa dogon bayani, riga suke ɗagawa su nuna tabon dukan da ya yi musu da fambel, bel ɗin injin mota, a gadon baya. Abu ɗaya ne kowa ya yarda da shi: ba mahalukin da ya taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa. Har matarsa Dinatu takan ce ko a coci aka zo addu'ar neman gafara, leɓe kawai yake motsawa.

Dominic, ɗan ƙanwarsa, ba ya sa baki a irin wannan hira. Shi nasa tabon ba ya nunuwa. Tun yana yaron gareji kawun ya zabga masa mari saboda ya bar noti sako-sako, kunnensa na hagu bai ƙara jin magana ba.

Da hawan jini ya kayar da Japheth, gareji ya dawo hannun Dominic. Tsohon ya tashi, amma hannun dama na rawa. Duk da haka kullum sai ya zo ya zauna a kan tsohuwar taya, yana gyara wa mutane aiki da baki, yana tambayar yaushe za a maido masa da makullin garejinsa.

"Sai hannu ya tsaya, Kawu," Dominic yakan ce, ba tare da ya dube shi ba.

A lokacin Dominic ya shiga cikin masu wasan motar rimot. Chuks, wani mai shagon kayan lantarki a unguwar PZ, shi ke kawo motocin. Ran Lahadi bayan an taso coci sukan haɗu a wani fili a Samaru, magidanta da furfurarsu, suna tsere da tsallaken tudun ƙasa. Motar Dominic ja ce mai ƙatta-ƙattan tayoyi, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Kulocinta ya ƙone, Chuks ya kawo sabo, ya juye a kan benci a gareji.

Japheth ya leƙo. "Wannan tarkacen ne kuloci? Kayan 'yan yaye. Ido a rufe zan haɗa shi."

Dominic ya daɗe yana kallon hannun da ke rawa a kan gwiwa.

"To haɗa shi, Kawu. Ran Lahadi, a fili, gaban jama'a. In ta zagaya ta tsallake tudu lafiya, Litinin makulli naka ne. In ta gaza, ka daina zuwa nan."

"Chuks, kai ne shaida," in ji tsohon.

Lahadi ta yi, aka shimfiɗa masa buhu a inuwar darbejiya. Ya zo da rigar coci, ya naɗe hannu. Ba wanda ya gaya masa tsarin kayan, shi ya jera su da ido: faranti na ƙarfe, fata, babbar giyar roba mai haƙora, wata fatar, wani farantin, sannan sifirin da ɗan noti. Sau da yawa notin yana suɓucewa cikin ciyawa, ya lalubo shi. Wani ya ce a kawo wa Baba tabarau, wani ya ce a'a, a kawo masa sabon hannu daga PZ. Aka yi dariya. Bai ɗago ba. Ya danne hannun dama da na hagu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har notin ya hau mazauninsa ya fara murɗuwa.

Dominic ya matso ya duba. Hannun ya yi aikin, komai ya zauna daidai.

Japheth ya ɗaure, ya riƙe tayoyin baya ya ce a taɓa rimot. Injin ya yi ƙara, kulocin ya ɗan zame da wani siririn kuka kafin ya kama. Haka ake so. An yi shi ne domin ya zame, in mota ta diro daga tsalle shi zai sha bugun a maimakon haƙoran giya. Duk masu wasan sun san ana matse notin ne, sannan a sassauta shi kaɗan.

Amma Japheth ya yamutsa fuska. Duk rayuwarsa, kulocin da ke zamewa matacce ne.

"Kun ji ko? Tana sulɓi. Miƙo sifana."

Chuks ya buɗe baki. "Baba, wannan fa ba irin na..."

Dominic ya taka masa ƙafa. "Bar shi. Kai za ka koya wa Kawu kuloci? Ɗaure da kyau, Kawu. Ai kai ka koya mini ba a barin noti sako-sako."

Tsohon ya ji daɗin maganar. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har sifirin ya lanƙwashe ya haɗe. Aka sake gwadawa, motar ta ɗaga gaba kamar akuya mai tunkuyi.

"Yanzu ta kama," ya ce, yana share hannu a wandonsa.

Dominic ya karɓi rimot. Ya san inda ƙasa ta fi tauri a bayan tudun. Motar ta zagaya filin a guje, tsohon ya miƙe tsaye yana bin ta da ido, bakinsa a buɗe. Ta hau tudu ta tashi sama. Mai wasa yakan saki yatsa daga kan rimot kafin ta dira. Dominic ya matse nasa har ƙarshe.

Ta dira, aka ji ƙarrr. Injin yana ta ihu, tayoyi ba sa motsi.

Aka ɗauko ta aka buɗe. Haƙoran giyar sun zube kamar tsakin masara. Filin ya kaure da shewa.

"Baba ya yi mata aski!"

"Wannan ne za a ba tirela? Allah ya tsare fasinja!"

Chuks bai yi dariya ba, ya koma gefen babur ɗinsa yana duba waya.

Japheth ya karɓi giyar yana juya ta. Bai dubi notin ba, don bai taɓa zargin noti mai ƙarfi ba. Hannunsa ya duba. Rawar ta ƙaru, har giyar ta faɗi ƙasa. Dominic ya ga tsohon yana neman inda hannun ya karkace, inda ya cuce shi, kuma ya san kalma ɗaya za ta fitar da shi. Ya sa rimot a jaka ya ja zif.

Tsohon ya matso ta hagunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Dominic ya ga leɓen, ya gane abin da aka ce. Tun yana yaro yake jiran wannan kalma.

Ya nuna kunnen da yatsa.

"Ta nan ba na ji, Kawu, kai ma ka sani. Zagayo ta nan. Ka ɗaga murya."

Shewar ta lafa. Japheth ya ja ƙafa a hankali ya zagaya ta gaban mutane, ya tsaya ta dama, ya ɓoye hannun a bayansa.

"Na ce ka yi haƙuri, Dominic. Hannun ne ya mutu, ban sani ba. Na ɓata maka mota. Ka yi haƙuri."