Hatimin Sulemana Tela

Sulemana tela na cikin datsa wuyan wata jallabiya matarsa Rahamatu ta faɗo shagon, waya a hannu, mayafi na jan ƙasa.

"Baban Basma, tsai da keken nan ka ji abin da ake yawo da shi a Aboabo."

Ta danna saƙon. Muryar wani ƙato ce, ya toshe hanci don kada a gane shi, amma duk wanda ya taɓa sayen rago a Zongo ya san dillalin Alhaji Wahabu ne. Wai jama'a su yi hattara, an tsinci hatimi a aljihun Sulemana, ya ɗaure bakin iyaye don su zaɓe shi yau. Har da hoto: lambobi jere gida-gida, a gefe ga wata doguwar alama kamar ƙugiyar mahauta.

Sulemana ya shafa aljihu, wayam. Takardar da ke cikin hoton, aikin gida ne na lissafi na 'yarsa Basma. Mako biyu yana yawo da takardar yana nuna wa masu kawo ɗinki, alhali shi kansa bai san samanta da ƙasanta ba. Ashe ranar Juma'a ta faɗi a ƙofar masallaci.

Bayan la'asar za a zaɓi shugaban iyayen yara na sakandaren unguwa, kuma magana ɗaya ce ta raba mutane: lissafin zurfi, wanda yara ke kira ilektif. Makarantar ta jama'a ce, iyaye ne suka ɗauko malamin, don haka abin da suka yanke shi ke zama. Bara yara goma sha ɗaya suka faɗi, har da Khalidu ɗan Alhaji Wahabu, aka maimaita masa aji. Tun daga nan Alhaji ya rantse in ya ci zaɓe sai ya kori darasin. In kuwa aka kore shi, Basma ta yi sallama da karatun injiniya da take mafarki tun tana kwance masa rediyo. Dalilin da ya sa ke nan Sulemana, mutumin da ko a ɗaurin aure ba ya iya magana, ya tsaya takara.

Sharrin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ubansa ladani ne, shi kuma shekara ashirin ba a raba shi da sahun farko. Ya ɗauki littafin lissafin Basma ya jefa a leda, ya ce yau zai buɗe shi gaban kowa a ga shafin da aka kwafo.

Zauren makaranta ya cika har taga. Alhaji Wahabu ne ya fara, babbar riga tana ta kai da kawo.

"Jama'a, shekara talatin ina sayar da shanu, ban taɓa neman x ba. Sa ya ɓace, ka neme shi. Amma x? Wa ya ɓatar da shi? Yaranmu na zuwa sukuu su dawo da ciwon kai, sam kuraa ba su iya ba da canji a kanti!"

Aka yi tafi mai yawa. Sulemana ya duba masu tafin, ya ga sun fi rabin zauren.

Sai Alhaji ya zaro takardar da yatsa biyu, ya miƙa wa Alfa Sumana, tsohon malamin da duk unguwa ke shan rubutunsa. Alfa ya gyara tabarau. Ya ƙirga layin farko da yatsa, ya ƙirga na biyu, ya juya takardar a kife, ya sake ƙirgawa.

"Hatimi dai, ko ta ina ka haɗa gidajensa, jimla ɗaya za ka samu," in ji shi. "Wannan kowane layi da nasa. Shekara arba'in ina aikin nan ban ga irinsa ba. To ko dai ba komai ba ne, ko kuma ya fi ƙarfin sanina."

Babu wanda ya ji rabin farko na maganar. Zaure ya ɗauki "Ei!" Wata mata ta janye kujerarta daga kusa da Sulemana. Yana ƙoƙarin kwance ledarsa sai Habibatu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta miƙe, ta ɗaure zani.

"Ku tsaya. Yarinyan tela ɗin nan, ba shi ke zuwa na ɗaya kullum ba?"

Aka ce ita ce.

"Kuma wannan abu a ajin ilektif ake ba su?"

Malamin lissafi ya ɗaga hannu zai yi bayani, ta ce ya zauna tukun.

"To ni ban gane ba. Abu mai ƙarfi paa, wanda Alfa ma bai iya ba, ana raba shi a sukuu ɗinmu, Alhaji ya ce mu kore shi? Nawa yaro fa? Shi ba ya son na ɗaya?"

Nan take iska ta juya. Matar da ta janye kujera ta dawo da ita, har ta ƙara matsowa. Hedimasta ya buga tebur, ya ce Sulemana ya tashi ya faɗa wa mutane gaskiya, asiri ne ko ba asiri ba.

Sulemana ya miƙe da leda a hannu. In ya buɗe littafin, sunansa ya wanku, masu tafin ɗazu kuma su koma wa Alhaji. In ya yi shiru, har ya mutu za a riƙa nuna shi da baki a bakin masallaci. Ya hango Rahamatu a bayan zaure tana yi masa alama ya buɗe. Ya tuna rediyon nan da Basma ta kwance, ta kuma haɗa shi ya yi magana. Sai ya tura ledar ƙarƙashin kujera da ƙafa.

"Ni dai abin da na sani," ya ce, "tun da yarinyar ta fara shi, ba ta taɓa faɗuwa ba."

Bai yi ƙarya ba, amma da kunya ya zauna. Aka ɗaga hannu, ya ci da rata mai faɗi, ilektif ya zauna daram.

A bakin ƙofa mutane suka riƙa buɗe masa hanya fiye da yadda yake so. Wani tsohon abokinsa ma ya gaishe shi daga nesa, hannu a aljihu. Yana neman takalminsa ya ji an ja masa hannun riga zuwa bayan tankin ruwa. Alhaji Wahabu ne, ya waiga hagu ya waiga dama.

"Tela, zaɓe ya wuce, mu 'yan'uwa ne. Saboda Khalidu nake tambaya." Ya fito da takardar, a ninke tsaf. "Da ruwan ɗumi ake wanke shi, ko na sanyi?"

Sulemana ya karɓi takardar 'yarsa ya mayar aljihu.

"Alhaji, wannan ba a gida ake shan shi ba. Ka turo shi Litinin, bakwai da rabi. Ya zauna a bencin gaba."